Cindo da Ƙwarin Furannin Tasallah

Na rantse ba za ku yarda ba, amma ku saurara. A unguwarmu akwai wani magidanci, Cindo, mutumin kirki, sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Matarsa Tasallah tana da tukwanen fure goma sha biyu a baranda, ta fi kula da su a kan kwanukan jerenta. Da za ta tafi Gusau zaman jegon ƙanwarta ta ce, "Maigida, in na dawo na tarar sun mutu, motar da ta kawo ni ita za ta mayar da ni."

Wata rana Cindo ya ga ganye ya yi ɗigo-ɗigo rawaya, ga yana siririya kamar ta gizo. Ya buga mata waya. Ta ce, "Ƙwarin nan ne 'yan mitsil-mitsil. Duba bayan kowane ganye." Ya tsinke ganyen tukunya guda kaf, ya kife su a tabarma. "Na duba, Tasallah. Har na jera miki su."

Wata rana ta ce ya wanke su da ruwan sabulu. Ya ɗauko soso ya dirje shukar tukunya ta biyu, ya bi ta da basilin kada ta yi kaushi. Biyu sun mutu, saura goma, uku a ciki sun kamu.

Wata rana ya same ni a majalisa, ido ya raina fata. Ni kuwa, duk da a aji biyu na yi sallama da makaranta, kullum ina faɗa cewa ba mai ilimina a unguwar. Na so a sha dariya, na ce, "Kwashi masu ciwon ka kai gidan wanda ya fi kowa ilimi." Nufina ya je gidan tsohon hedimastan unguwarmu, ya koro shi da sanda.

Ashe Cindo ya daɗe da gaskata cika bakina. Ina can ina ba da labari, shi yana jera tukwane uku a bayan ɗakina, tsakiyar barkonon matata Uwani.

Tasallah ta dawo ta tarar da bakwai shar, sun yi fure. Ta ce, "Wa ya koya maka raba masu ciwo da masu lafiya?" Ya nuna gidanmu.

Barkonon Uwani kuwa ya yi rawaya har ƙofar kicin. Ta dire mini bokitin ruwan sabulu da tsumma, ta ce, "Mai ilimi, ba tuwo sai ka goge ganyayen ɗaya bayan ɗaya."

Yau kwana huɗu ina tsugune. Ɗazu Cindo ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam, ka dai riƙa duba bayan kowane ganye."