Ƙofa Ta Kalli Gabas

Da muka yanke shawarar matsar da kiyos ɗinmu, wato ɗan shagon katakon da ke bayan gidanmu a Aboabo, na rantse ba zan tara samarin lungu su yi ta ihu ba. Kamfani na ɗauko, da motarsu mai ƙugiya. Na saka farar riga, na tsaya ina ba da umarni, maƙwabta suna kallo.

Sharaɗina ɗaya ne, ƙofar ta kalli gabas saboda albarka.

Direban, wani Ba'asante, ya leƙo ya ce, "Alhaji, gabas ɗin katanga ce fa."

Na ce, "Masa direba, ƙofar nan ciki take buɗewa. Kiyos ɗina ne, sauke kawai."

Ya sauke, na sallame su, har da ɗaga musu hannu.

Sai ga matata ta dawo daga kasuwa da buhun wake. A kiyos ɗin take ajiye tukwanen wake da shinkafar da take sayarwa kowace safiya. Ta zura hannu ta ja ƙofar, ƙofar ta daki katanga, ko kyanwa ba za ta shige ba.

Ta dube ni ta ce, "Maigida, tun da aka ƙera kiyos ɗin nan, ka taɓa buɗe shi?"

Ban taɓa ba.

Kafinta ne ya fasa bayansa aka ciro tukwanen. Har yau idan baƙo ya tambayi alƙibla a masallacinmu, sai liman ya ce, "Ku kira Alhaji Gabas, shi da kamfani yake nemo ta."