Goron da na ba dokin Yarima

Abin da ba zan taɓa iya mantawa da shi ba ya faru ne a shekarar da aka sake buɗe New York bayan kullen korona. Ina tuƙin tasi a filin jirgin sama na JFK, sai Allah ya haɗa ni da wani yariman Larabawa, ɗan kasuwa mai jiragen dakon kaya, wanda ya kawo dokinsa tsere. Aka ce ni zan riƙa yawo da shi.

Mutum ne mai sauƙin kai. Yakan zauna gaba kusa da ni, ina jefa masa Larabcina na zaure yana gyara mini cikin murmushi. Hirarsa kuwa ba ta wuce doki.

Ana gobe tsere muka je barga. Mai kula da dokin, Harouna, ɗan Maraɗi ne, maƙwabcina a unguwar Morrisania. Ya ce, "Malam, shigo ka gani, amma don Allah ido kawai." Ya fita ɗebo ruwa. Dokin ya miƙo baki yana shinshinar aljihuna. Na ce a raina, baƙo ya zo daga nesa a bar shi haka? Na ɓare goro fari, na yi bisimilla, na ba shi. Ya cinye, na ƙara masa (har da shafa masa goshi, wai ni masanin dawaki).

Can sai likitan dokin, wata Baturiya, ta tsinci ɓarin goro a ƙasa. Da ta ji ko mene ne, sai ta dafe kai. Ashe abin da ke hana mu barci a goro, an haramta shi a jinin dokin tsere. Dole a janye shi daga tseren. Aka taru a kan Harouna, ana cewa ya tattara kayansa. Ya dube ni, ya juya ya fara haɗa kayansa. 'Ya'yansa huɗu, duk na san sunayensu.

Na matso gaban Yarima. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne. Girmama baƙo na yi."

Yarima ya dube ni. Ya ce, "Ya Shehu, shekara guda muna shirya dokin nan." Na so ƙasa ta tsage. Sannan ya ce, "Da sauran goron? Ba ni in ji abin da ya raba ni da kofin tsere."

Na miƙa masa. Ya gatsa, fuskarsa ta tattare kamar tsohuwar jaka. Ya ce, "Wallahi dokin nan ya fi ni haƙuri." Ya ce Harouna ya koma bakin aikinsa, ni kuma kada a sake ganina kusa da barga.

A mota na roƙi Harouna gafara. Ya ce, "Na yafe, Malam. Amma gobe in ka ga zaki a gidan zu, ka gaishe shi daga nesa."

Tun ranar, kafin in karrama baƙo sai na ƙirga ƙafafunsa.