Tasar Surukata da Ruwan Balarabe

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na huda tasar surukata a gaban dangi biyu, da hannuna, ba tare da kowa ya aike ni ba. Gemuna ya yi furfura yanzu, amma ko yau aka ƙwanƙwasa tasa kusa da ni sai gabana ya faɗi.

A wancan zamani Dakoro ba ta wuce rijiya da ƴan bukkoki ba, makiyaya su shayar su wuce. Ni dillancin dabbobi nake yi, sana'ar da baki ne jarinta, kuma Allah ya hore mini shi har ya yi yawa. Wata shekara na bi ayari zuwa Agadas da raguna. A can na tarar da wani Balarabe yana gwajin zinariya. Sai ya goga zobe a kan wani baƙin dutse, ya ɗiga ruwa daga ƴar kwalba a kan shatin. In zinariya ce shatin ya tsaya, in tagulla ce ya yi koren kumfa ya ɓace. Na saki baki ina kallo. Kafin la'asar na ba shi rago mai ƙaho na karɓi kwalba guda, irin ta turare.

Tsakani da Allah, mutumin ya gargaɗe ni. Ya ce ɗigo ɗaya ake yi, a kan dutse, kada ya taɓa fata, kada a shaƙi hayaƙinsa, a ajiye tulun ruwa kusa. Ya ƙara wata magana game da ƙarfe. (Wannan ce ban ji ba, domin a lokacin ina can cikin raina ina kallon yadda za a riƙa nuna ni da yatsa a kasuwa.) Dutsen ma ban saya ba, na ce ai dutse ko'ina akwai shi.

Na dawo gida na raɗa masa suna ruwan gaskiya. Wata uku ina yawo da shi a aljihu ina neman abin gwadawa, to amma wa ke da zinariya a bakin rijiya?

Sai ga bikin ƙanwar Dije, matata, a garinsu Korahane. Dangin ango suka kawo ƴan kunne suka ce na zinariya ne. Gwaggon amarya, wata tsohuwa mai suna Tabawa, ta shinshina, ta lasa, ta ce tagulla ce aka goge. Magana ta yi zafi, har dangin ango suka fara ɗaura wa jakunansu akumari. Ni kuwa ina daga waje cikin maza, kwalba na yi mini ƙaiƙayi a aljihu.

Ku sani, shekarata shida da aure surukata ba ta taɓa jin muryata fiye da gaisuwa ba. Daga nesa nake tuɓe takalmi in tsuguna, kaina a ƙasa. Ban san ko da gashin gira take ba. Amma ran nan na ratsa tsakar gida cikin mata, na ɗaga kwalba sama na ce, “Ku dakata, kowa shi zamna. Yanzu gaskiya za ta hito da kanta.”

Na ce a kawo baƙin dutse. Korahane kuwa ƙasar yashi ce, ko na jifan kare ba a samu ba. Mai hankali nan zai mayar da kwalbarsa aljihu. Ni sai na ce ba komai, tsoma ɗan kunnen za mu yi gaba ɗaya, a ba ni mazubi mai daraja wanda ya dace da aikin. Dije ta matso ta raɗa mini, “Maigida, ka tabbata haka kag gani an yi?” Na ce mata ta koma cikin mata, wannan ilimin Larabawa ne.

Surukata da kanta ta ce a ɗauko tasarta. Ta tagulla ce, gadon uwarta, kwana uku ana goge ta da toka da tsamiya domin ita za a ɗora a saman jeren amarya. Aka ajiye ta gabana tana walƙiya. Na jefa ɗan kunne ciki, na yi bisimilla da ƙarfi yadda na baya za su ji, na juye kwalbar kaf.

Da fari shiru. Na fara gyara murya zan yi bayani, sai tasa ta ce tsuuu. Koren kumfa ya taso, bayansa wani jan hayaƙi mai duhu ya turnuƙe, warinsa na shaƙe maƙogwaro. A nan ne na gane abin da Balaraben ya ce game da ƙarfe: ashe ruwan cin sa yake yi. Kuma da yake ni ne na sunkuya a kai, ni na fara samun rabona. Mata suka watse, mai kalangu ya bar kalangunsa, wata tsohuwa tana ta ba aljanun gidan haƙuri. Na so in ce haka yake yi, kada kowa ya tsorata, amma tari kawai ke fita, hawaye da majina suna bin gemuna.

Sai na tuna zinariyar mutane na ciki. Na cusa yatsu uku na tsamo ta. Ihun da na yi, an ce har makiyaya a bakin rijiya sun ji. (Na sha musanta wannan, amma shaidu sun yi mini yawa.) Dije ce kaɗai ba ta gudu ba. Ta toshe hanci da gyale, ta ja ni ta inda iska ke tahowa, ta yi ta juye mini tulu bayan tulu a hannu, sannan ta juye wa tasar sauran. Ruwan girkin biki duka a kaina ya ƙare.

Da hayaƙi ya lafa aka duba ɗan kunne. Ko ƙwarzane babu, sai ma ƙarin sheƙi. Zinariya ce. Tabawa ta ce ita dama ta sani, gwada su take yi. Dangin ango suka sauke akumari.

Surukata ta tako a hankali ta ɗauki tasarta. Gindin ya cinye, ya koma kamar rariya. Ta ɗaga ta sama, ta leƙo ni ta cikin hudojin. Ran nan muka fara haɗa ido. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, “Sannu da aiki.” Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Kwana bakwai ina tari. Yatsuna suka yi rawaya kamar ɗorawa, mako uku kafin fatar ta saɓule, ƴan kasuwa suna tambayata ko tare da amarya aka sa mini lalle. Na sayo sabuwar tasa daga fataken Kano na aika wa surukata. Ta yi godiya, ta ba amarya. Hudajjiyar kuwa ta wanke ta ta adana.

Tun daga ranar, duk sanda na je gaisuwa, a cikinta ake kawo mini tuwo, da miya tsararo har baki. Suruki ba ya mayar da abincin surukarsa, ba ya kuma cewa a sake masa kwano. Haka nake zama a zaure ni kaɗai ina tsere da miya, ni ta sama, yashi ta ƙasa, kuma yawanci yashi ke ci. Shekara ashirin ke nan. Abin da na koya shi ne, in za ka tona gaskiyar kayan wasu, ka fara duba cikin kwanon wa za ka zuba ta. Na kuma koyi cin tuwo da sauri.