Mutum-mutumin Zulai da Ciyaman

Ku dai bari, yaran yanzu sai addu'a. Zulai jikar maƙwabciyata ta je jami'a, muna jira ta dawo da allura da farar riga, sai ga ta da kwali cike da wasu 'yan ƙarafa kamar gwangwanin madara, wai mutum-mutumi ne. Ɗaya shi kaɗai ko tsintsiya ba zai ɗaga ba. Amma in sun manne da juna sai su zama tsani, su warware su zama gada. Ita ta ƙirƙiro yaren da suke ji, ta rame a kansa har uwarta ta fara neman rubutun sha. Magana ɗaya za ta buga a kwamfuta, duk su ji, kowa ya dubi na kusa da shi ya san inda zai kama. Burinta a bar ta ta gwada su a kwalbatin kasuwa da ke cin takalman mutane duk damina. Sai dai ba dama sai Ciyaman na ƙaramar hukumarmu ya ce to.

Ranar da ya yarda ya gani, ta zube su a tsakar ofishinsa, baiwar Allah. Ta buga abin da za ta buga. Nan da nan suka yi ta hawan juna kamar tururuwa, sai ga 'yar gada daga tebur zuwa taga.

Ciyaman ya gyara babbar riga ya leƙa.

"To, 'yata, wanne ne shugabansu?"

"Ba su da shugaba, ranka ya daɗe. Kowa ya san aikinsa. In ɗaya ya lalace, na gefensa ya maye gurbin."

"Kai! Ba shugaba? Wa ke ba da umarni? In an yi abin kirki wa za a yaba wa? In 'yan jarida sun zo, wa zai yi magana?"

"Ai gadar ta tsaya, ranka ya daɗe."

"Tsayawa daban, tsari daban. Ke yarinya ce. Ko kaji an san zakaransu. Ba zan kai taron marasa kai kasuwata ba. Ki koma ki gyara yaren nan naki, ki zaɓi guda, ki ƙara masa girma, a shafa masa fenti mai kyau, sauran su bi shi. In kin yi haka, ki zo mu yi magana."

Zulai ta durƙusa tana tsince 'yan ƙarafanta ɗaya bayan ɗaya, tana goge su da bakin mayafi. Ta ce:

"Ai da haka na fara, ranka ya daɗe. Ina naɗa ɗaya, sauran duk suka saki aiki suka zagaye shi."