Takwarar Kubura da Takardar Likita

"…da gajiyar hanya? Ko da yake wace gajiya, ke da aka loda a coach aka sauke kamar buhun albasa."

"Lafiya lau, tsohon banza. Matsa in wuce, ka tare ƙofa sai ka ce kai ka gina gidan."

"Baiwa ba ta shiga gaban ubangidanta sai ta cire takalmi."

"Ubangidan da ke haya a hawa na biyu? Allah ya sawwaƙe. Kuma ina jin ƙanshin kilishi, fito da shi."

"Hancinki ya tsufa. Rabona da kilishi tun babbar sallah."

Haka Hajiya Kubura ta shiga flat ɗin Maharazu da ke unguwar Withington a Manchester, wata Laraba da hantsi, jaka a kafaɗa, kejin roba a hannu. Taubasai ne, uwarta da ubansa ciki ɗaya. Tun suna yara a Kano ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba, kuma furfura ba ta rage komai ba. Ita tana Perry Barr, can Birmingham, tana aikin kula da tsofaffi. Shi kuwa akanta ne, shekara ashirin da biyu a council, wato ƙaramar hukuma, har zuwa shekarar da gwamnati ta tsuke bakin aljihu aka sallame su da yawa rana ɗaya. Bayan wata bakwai matarsa Aishatu ta rasu. 'Yarsu tilo tana aure a Abuja.

Abin da ya taso Kubura tun da asuba wasiƙa ce. Kamfanin da ke kula da gidan ya rubuto wa Maharazu cewa yarjejeniyar haya ta hana ajiye dabba, don haka ko ya fitar da magensa kafin Juma'a, ko a ba shi takardar tashi. A ƙasa sun ƙara layi ɗaya: idan likita ya rubuto cewa yana da larurar da magen ke taimaka masa a kai, za su sake dubawa.

Magen kuwa tana kan kujera, baƙa mai farar ƙafa ɗaya, ko kallon baƙuwa ba ta yi ba. Don tsabar neman faɗa, Maharazu ya raɗa mata suna Kubura. Da wani ne ya yi wannan, da an yi shekara ba a ga maciji, amma taubashi ai sai dai a ce Allah ya shirya.

"Ga takwararki nan," in ji shi. "Ki gaishe ta. Halinku ɗaya, ci ba godiya."

"Ta fi ka kyan gani, kuma ita tana wanka. Ina takardar likitan?"

Maharazu ya juya wajen butar shayi, ya shiga neman abin da bai ɓata ba.

"Da kai nake. Ka ce mini Litinin za ka je."

"Na je mana."

"To ba ni."

"Matsalar daga likitan take."

"Me ya yi?"

"Falalu ne. Ɗan Alhaji Ashafa na Rusholme. Na shiga ɗakin ke nan ya miƙe tsaye ya ce, Baba, sannu da zuwa. Yaron da na ci naman sunansa, Kubura. Ranar ma a babbar rigata ya yi fitsari."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai ya ce, Baba, yaya jiki?"

Kubura ta ajiye kejin a hankali. Ta riga ta san amsar, amma tana son ta ji ta daga bakin mai ita. "Ka ce me?"

"Me ake cewa? Lafiya lau."

"Barci fa, bai tambaya ba?"

"Ya tambaya. Na ce alhamdulillahi."

"Cin abinci?"

"Sai godiya."

"Minti goman da aka ba ka, me kuka yi da su?"

"Mun yi maganar gwiwar babansa. Sannan ya auna mini hawan jini."

Kubura ta zauna a hannun kujera ta yi dariya har mayafinta ya zame. "Kai jama'a. Mutum ya je neman shaidar rashin lafiya ya dawo da shaidar ƙoshin lafiya. Wannan kan naka da shi aka riƙe lissafin council shekara ashirin? Ashe ba banza suka talauce ba."

"Ki yi dariyarki. Namiji ɗan shekara sittin da uku ya zauna gaban ɗan cikinsa ya ce mage ce ke riƙe da shi? Gobe mu haɗu a masallaci fa?"

"Likita ba ya fitar da maganar mara lafiya, doka ta hana shi."

"Doka ta hana baki, ba ta hana ido ba. Zai dube ni a sahu."

"To shi ke nan, tunda lafiyarka lau." Ta miƙe ta gyara mayafi. "Dama na zo da shiri. Zan tafi da takwarata Birmingham. Gidana nawa ne, ba landlord a kaina. Kai ka zauna da flat ɗinka da mutuncinka, kowa ya huta."

"Ki ɗauka mana. Kin rage mini kashe kuɗi. Ɓarauniya ce, jiya ta ci mini rabin kifi."

"Madalla."

"Gashinta ya cika mini darduma."

"Daga yau ka huta."

Ta buɗe kejin, ta ciro gwangwanin kifi daga jaka ta fasa, ta tura ciki. Magen ta sauko daga kujera, ta yi miƙa, ta shige ba ko waiwaye. Kubura ta rufe ƙofar ƙaras.

"Ka gani? Ko sallama ba ta yi maka ba. Ta san inda arziki yake."

"Na faɗa miki halinku ɗaya." Ya kurɓi shayi. "Wannan kifin ma ba ta saba da shi ba. Mai ruwan gishiri yana ɓata mata ciki."

"Za ta saba."

"Kuma ba ta shan ruwa a roba. Sai a kwanon sha."

"Na ji."

"Gidanki akwai taga mai kallon titi? Tana son ta ga wucewar bus."

"Bus ɗin Birmingham sun fi na Manchester kyau, za ta ƙaru."

"Ƙarya kike, garin da hanya ke hawa kan hanya. Kuma da asuba takan taka ƙirjin mutum. Kada ki ture ta, tashinki take yi."

"Ina da agogo." Kubura ta ɗauki kejin. "Coach ɗina ƙarfe ɗaya. Sai wani jiƙon."

Ta nufi ƙofa. Kafin ta kai, tsohon da ke kukan ciwon baya kullum ya riga ta, ya jingina da ƙofar, kofin shayi a hannunsa.

"Ki bari ta gama cin abincin tukuna."

"Ta ci a hanya."

"Ana sanyi a waje."

"Watan Yuni ake, Maharazu."

Bai motsa ba. Sai a lokacin Kubura ta dube shi da kyau, ta ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ta ga gemun da aka aske rabi aka manta rabi. Tausayi ya kama ta sosai, har ta kusa ajiye kejin ta ce wasa take. Amma ta san ɗan kawunta. Idan aka lallashe shi sai ya ce lafiya lau, don haka ta daure.

"Matsa. Mai lafiya ba ya tare wa mace hanya saboda mage."

"Ajiye ta."

"Dalili?"

"Ajiye ta, Kubura, don Allah."

Rabon da ya haɗa sunanta da don Allah tun suna makarantar allo. Ta ajiye. Ya zauna a kan akwatin takalma da ke bakin ƙofa, yana kallon kejin, ba ita ba.

"Bayan rasuwar Aishatu na yi wata uku ban ɗaga labulen can ba. Kina kira ina ce miki ina library, alhali library ɗin ma an rufe ta. Ina kwance ne. Ba inda ke mini ciwo, kawai ban ga abin da zan tashi in yi ba. Wata rana har azahar. Sai wannan ɓarauniyar ta fara zuwa taga tana kuka. Ita ba ta san ta'aziyya ba, ba ta san an sallame ni daga aiki ba, abinci kawai take so. Dole na tashi, na sa takalmi, na je shago. Washegari ma haka. Yau shekara ɗaya da rabi ita ke fitar da ni daga gado." Ya shafa fuska. "Idan kika tafi da ita ina tsoron in koma gadon nan. Kuma ban tabbata zan sake tashi ba."

A cikin keji magen na ta tura gwangwani da hanci. Idon Kubura ya cika. Ta juya ta fyace hanci da bakin mayafi, ta ɗora laifin a kan gashin mage.

"Ashe bakin nan yana iya gaskiya," in ji ta. "Shekara sittin ina jira."

"Kin ji daɗi, kin tona ni."

"Ban tona ka ba, ni kaɗai na ji. Saura mutum ɗaya. Abin da ka faɗa yanzu, shi za ka faɗa wa likita, ba ragi ba ƙari."

"Na ce miki Falalu…"

"Wa ya ce Falalu? Jiya na kira asibitinku tun ƙarfe takwas, na yi minti arba'in a layi ina jin kiɗan banza. Kana da appointment yau uku da minti ashirin. Dakta Celestina. Ba ta san masallacinku ba, ba ta taɓa yi wa kowa fitsari a riga ba."

Ya ɗago ya dube ta. "In na zubar da girmana, aka ba ni takardar, kamfanin kuma ya ƙi fa?"

"Za su iya ƙi, ba zan yi maka ƙarya ba. Dokar ƙasar nan ba ta ɗauki mage kamar karen da ke yi wa makaho jagora ba. Amma idan likita ta ce kana da larura, ba za su share ka kawai ba, sai sun duba sun kawo dalili. Kuma su da kansu suka nemi takardar. Ofishin da ke ba 'yan haya shawara yana buɗewa ranar Alhamis, rana ɗaya ke nan da aka bar musu a mako. Gobe muna bakin ƙofarsu kafin su iso."

"Muna? Coach ɗin ƙarfe ɗaya fa?"

"Wane coach? Na ɗauki hutun kwana uku. A gidan ƙawata Asmawu zan sauka a Rusholme, ba zan kwana cikin wannan ƙazantar ba. Tashi mu gwada. Ni ce likita. Malam, yaya jiki?"

"Lafiya l…"

"Ka faɗi jarrabawa. Sake. Yaya jiki?"

"Da sauƙi."

"Wannan ma ƙanwar lafiya lau ce. Takwarata, shirya, Birmingham ta kira."

"Ke wai ba ki da imani ne? Baki ya saba, shekara sittin."

"Kana da awa huɗu ka koya masa sabon karatu."

Ta durƙusa ta buɗe kejin. Magen ta fito tana lasar baki, ta haye cinyar Maharazu kamar ba ita ta sayar da shi kan gwangwani ɗaya ba. Kubura ta zura hannu ƙarƙashin tawul ɗin da ke shimfiɗe a kejin, ta ciro wani jan abin wuya mai ɗan ƙarfe a jiki, ta jefa masa.

"Ba naka ba ne. Na takwara ne. Tunda aka yi mini takwara ban yi mata komai ba, kada a ce na yi rowa."

Maharazu ya nemo tabarau ya duba ƙarfen. An zana sunan magen, a ƙasa kuma Flat 6 da sunan titinsa na Withington.

"Yaushe aka yi wannan?"

"Asabar, a Perry Barr."

"Wato tun Asabar kin san ba za ki tafi da ita ba."

"Ni in kai mage gidana? Sabuwar kujera na saya."

Ya dube ta, ya dubi kejin, sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda Kubura ba ta ji ba tun Aishatu na da rai. Ya yi ta yi har magen ta ji haushi ta sauka.

"Kin ci ni, 'yar gwaggo. Yau kam baiwa ta kayar da ubangida." Ya miƙe ya buɗe kabad ɗin sama, ya zura hannu bayan gwangwanayen wake, ya ciro ƙunshin kilishi. "Ungo. Da na ɓoye wa Kubura mai hankali ne, amma ke ma ki taɓa."

"Wanda rabonka da shi tun babbar sallah?"

"Ci ki yi shiru."

Ƙarfe uku saura kwata suka fito, bayan ya aske sauran gemun ya sa hula. Magen tana taga da jan abin wuyanta tana kallon bus. A tsakiyar matakala Kubura ta tsaya, ta juyo ba gargaɗi.

"Malam, yaya jiki?"

Maharazu ya buɗe baki, ya rufe. Ya riƙe ƙarfen matakala.

"Ba ni da lafiya, likita. Na daɗe ba ni da ita."

"Madalla," in ji Kubura, ta gutsuri kilishi ta miƙa masa rabi. "Mu je."