Damisar Agusta a Kan Makara

Ranar Asabar ɗin nan ta ƙarshen Afrilu gari ya waye garau a Tizgi, garinmu da ke cikin duwatsun Atlas. Rana ta fito da ɗumi, itatuwan tuffa sun yi fure fari fat, mata sun baza barguna a kan rufin soro. Sai wanda ya ɗaga kai sosai zai ga wuyan dutse har yanzu yana cikin dusar ƙanƙara, da wani ɗan gajimare da ya laɓe a bayansa kamar kyanwa a bakin rami. A wannan rana mai albarka Allah ya nufe mu da ganin Si Hamid.

Wanda bai san girman Si Hamid ba, to bai taɓa zama kusa da shi ba ne, don da ya gaya masa. Babban ma'aikaci ne a wani kamfanin inshora a Kazablanka, da teburinsa shi kaɗai a jikin taga. A Tizgi aka haife shi, aka raɗa masa Hammu; a birni ya koma Si Hamid, wato Malam Hamid. Ya bar gari tun bai gama famfara ba, amma dutse bai bar jininsa ba. Shi ya faɗa. Kowace shekara yakan zo cikin watan Agusta, lokacin da ƙanƙara ta narke tas, hanya ta bushe, har tsofaffin mata suna haye dutsen da damin ciyawa a baya. Sai ya hau, ya riƙe ƙugu a ƙololuwa, a ɗauke shi hoto. Shi ya sa ake ce masa Damisar Agusta. Da sunan ya kai kunnensa ya ji daɗi ƙwarai, ya yar da Agustan, ya riƙe damisar.

A ofis kowa yana da abin da ya fi shi. Wani karatu, wani uba, wani mota. Shi dutse gare shi. Shekara da shekaru yana ba su labarin dutsen nan a wajen shan shayi, kowace shekara dutsen yana ƙara tsawo, har ran nan Darakta, wani Si Abdulhak mutumin Fas, ya ce to a je a gani. Ga shi kuwa an zo: Darakta, da wasu akawu biyu, da Damisa a gaba. Yau ce ranar da zai nuna wa mai gidansa cewa akwai wuri guda a duniya inda shi ne babba.

Mutanen Tizgi in za su haye a irin wannan lokaci, da asuba suke fita, ƙanƙara tana da tauri. Su Si Hamid da hantsi suna gidan gwaggonsa Itto, suna dangwala gurasa a man zaitun. Da suka miƙe, tsohuwar ta dubi rigarsa shara-shara, ta shiga ɗaki ta fito da wata jallabiyar ulu mai kauri.

"Hammu, ta ubanka ce. Ta daɗe a akwati, tana son shan iska. Tafi da ita mana."

Ya karɓa da yatsa biyu, ya sunsuna, ya miƙa mata abarta. "Gwaggo, wannan ai warin akuya take yi. Kin ga wannan ta jikina? Daga Faransa take. Masana ne suka zauna suka saƙa ta."

"Masanan sun taɓa zuwa Tizgi?"

Ya yi dariya, ya dubi Darakta don shi ma ya yi.

A bakin gada, inda titin mota ya ƙare, hanya ɗaya ta shiga gari, ɗaya ta nufi dutse. Nan Baffa Bihi yake zama da butar shayinsa. Al'adarmu ce tun kakanni: duk baƙon da zai hau, sai an tare shi a gada, a zaunar da shi, a ba shi shayi, a duba takalminsa, a gaya masa inda ƙanƙara ta tsaya da inda zai juyo. In ya ƙi ji, a hana shi wucewa. Amma ɗan gari ba a gaya masa. Ka yi wa ɗan Tizgi bayanin dutsen Tizgi, kamar ka nuna masa ƙofar ɗakin uwarsa ne. Baƙon da yake hannun ɗan gari kuwa, amanarsa ce, ba mai sa baki.

Baffa Bihi ya dubi takalman yadin da ke ƙafafunsu, ya miƙe ya ɗora buta a wuta. "Baƙi, bismilla, ku zauna."

"Baƙi?" Si Hamid ya daki ƙirji. "Baffa, idon ne ya fara? Ni ne fa Hammu ɗan Addi!" Rabonsa da kiran kansa da sunan nan tun yana yawo ba takalmi.

"Na gane ka, ɗan Addi. Cewa na yi ko za ka ara mini mutanenka in yi musu magana biyu."

"Mutanen nan suna hannuna. A gindin dutsen nan aka binne cibiyata. Na san shi kamar aljihuna. In ka ɗaure mini ido ka sake ni, sai dai ka tarar da ni a ƙololuwa ina jiranka."

Tsohon ya dubi wuyan dutse, ya dubi Damisa. Ya ba shi ƙofar fita ta ƙarshe. "To yau wanne ne kai? Ɗan gari, ko baƙo? In ka ce baƙo na yini ɗaya, ba wanda zai ji."

"Ɗan gari, jikan ɗan gari!"

"Allah ya kiyaye hanya," in ji Baffa Bihi. Ya sauke butarsa.

Tafiya ta fara da daɗi. Damisa yana gaba da sanda biyu, yana karantarwa. "Dutse kamar ƙaramin ma'aikaci yake, Darakta. In ya ga fuskarka ba wasa, sai ya bi." Da suka iske dusar farko, akawun nan biyu suka dunƙula ta suna jifan juna, aka sha hotuna. Si Hamid ya ce wannan ai ragowa ce, guntun da hunturu ya manta.

Guntun ya ci gaba. Ya kai idon sawu, ya kai gwiwa. Rana ta riga ta dafa shi, ko ina ka taka sai ka nutse. Hanyar da Damisa ya sani kamar aljihunsa, ashe da kashin alfadari da gwangwanayen kifi yake gane ta, ga shi duk an lulluɓe su. Ya tsaya ya yi nuni da sanda, kamar kwamanda. Suka bi. Ya sake nuni wani wajen. Suka bi. Gajimaren nan da ya laɓe kamar kyanwa a bayan dutse ya taso, rana ta ɓace, iska ta fara yanka, sama da ƙasa suka zama launi ɗaya.

"Si Hamid," in ji Darakta, haƙoransa suna haɗuwa, "ina hanyar?"

"Tana nan a ƙarƙashi, Darakta. Ba ta taɓa tashi daga wurinta ba."

Ɗaya daga cikin akawun biyu ya ciro waya zai nemi agaji. Damisa ya daka masa tsawa. "Mayar da ita! Ɗan Tizgi ba ya kiran agaji a Tizgi. So kake a yi mini dariya?" Da ma ya bar shi, don wayar ba ta kama komai a wurin. Amma an dai ga inda hankalinsa yake: leɓen Darakta ya yi shuɗi, yatsunsa sun daina lanƙwasuwa, shi kuwa dariyar gari yake tsoro.

Don ya nuna musu ba abin damuwa, ya zabura gaba da manyan taku. Ƙanƙarar ta buɗe. A ƙarƙashinta ruwa ne yake gudu tsakanin duwatsu, ƙafarsa ta faɗa ciki har cinya, ta murɗe, takalmin ya bi ruwa. Rigar masana ta jiƙe ta manne masa kamar ganyen albasa. Nan Damisar Atlas, jikan ɗan gari, ya buɗe baki ya ƙwala kiran innarsa, wadda ta daɗe da rasuwa.

Al'ada ta hana a gaya wa ɗan gari hanya. Ba ta hana a bi shi a baya ba. Tun da suka ba gada baya Baffa Bihi ya shanye shayinsa, ya aika masallaci. Maza suka ɗauko igiya da barguna da shayi a gora, suka saɓa makara, don ba mu da wani gadon ɗaukar mutum a Tizgi sai ita. Gwaggo Itto ta jefa jallabiyar ulu a kai. Suka bi sawu a hankali, nesa-nesa, saboda kada a kunyata ɗan Addi a gaban baƙinsa. Kiran innar nan ne ya nuna musu wurin.

Assu mai gurasa ne a gaba. Ya tsaya a kan Damisa, ya yi sallama cikin ladabi. "Ɗan Addi, sannu da hutawa. Mun fito duba garken rani ne, sai muka ji kamar ana kiran wata."

Darakta ya dubi makara, ya dubi Assu. "Da wannan kuke duba garke?"

"Wani lokaci, Si. Ya danganta da wanda ya riga mu fita."

Suka zura wa Darakta jallabiyar marigayi Addi. Mutumin Fas ya cusa hanci cikin warin akuya yana hamdala. Aka murza masa hannu, aka ɗura musu shayi, aka ɗaure akawun biyu da igiya a ƙugu. Damisa kuwa aka naɗe shi a bargo, aka ɗora a makara. Shayi yana isa cikinsa murya ta dawo.

"Ku bi dama, ta nan ya fi sauƙi. Na san wurin."

"To, ɗan Addi," in ji Assu. Suka bi hagu.

Ana gab da magariba suka sauko. Matan da ke kwashe barguna a kan soro suka hango makara da mutum a naɗe, sai kuka ya tashi daga wannan rufi zuwa wancan. Gwaggo Itto ta fito a guje ba mayafi, tana kiran ɗan ɗan'uwanta. A daidai gada gawa ta yaye bargo, ta ɗaga hannu.

"Jama'a, ku kwantar da hankalinku. Yanayi ya yi tsanani, amma na sauko da kowa lafiya."

Kuka ya tsaya cak. Gwaggo Itto ta share ido da bayan hannu, ta daɗe tana kallonsa. "Duk wanda aka ɗauka a kan abin nan kafin kai, Hammu, ya san ya yi shiru."

Darakta ya dafa kafaɗar Assu ya ƙarasa wurin Baffa Bihi. "Baba, kun san haka saman yake. Me ya hana ku gaya mana?"

"Ai na ɗora buta, ɗana. Aka ce mini kuna hannun ɗan gari."

Darakta ya juya ya dubi makara. Daga ranar kuwa ba a sake ba da labarin dutse a wajen shan shayin ofis yana wurin ba.

Si Hamid yana nan a Kazablanka, a kamfaninsa, an dai matsar da teburinsa daga jikin taga. Sanyin ranar ya cinye ɗan yatsan ƙafarsa ɗaya, yana gaya wa sababbin ma'aikata a wajen ceton mutane ya rasa shi. Har yanzu yana zuwa duk Agusta. In ya sauka daga mota a bakin gada, Baffa Bihi yakan miƙe ya ɗora buta, ya ce, "Baƙo, bismilla." Ya zaunar da shi, ya duba takalminsa, sannan ya yi masa bayanin hanya dalla-dalla, tun daga gada har ƙofar gidan gwaggonsa.