Hoton Surukina Cikin Taɓo

Ranar gasar kamun kifi ta ƙungiyar masuntan Jega, ni na naɗa kaina mai ɗaukar hoto. Sarkin ruwa ya ja ni gefe ya ce, "Malam, mutane sun tuɓe. Ka tambayi mutum kafin ka ɗauke shi." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai aikinmu ne." Satina biyu da sayen wayar.

Can na hango wani dattijo daga shi sai gajeren wando, taɓo har fuska, homarsa ta kamun kifi wayam. Na ɗauke shi, na tura guruf ɗin unguwa, na rubuta, "Wanga tsoho ko kwaɗo bai kama ba."

Matata ce ta fara bugo waya: "Duba hoton nan da kyau."

Mahaifinta ne. Shekara tara ban taɓa ganinsa ko hula babu ba.

Na kwashi kawunnaina muka tafi gidansa a Aliero ban haƙuri. Alhaji ya bar mu a durƙushe, can ya ce, "Ka taho da wayar? In tuɓe?"

Har yau in na shiga kasuwa, masu kifi sai su hau ihu: "Kowa shi sa riga, ga surukin Alhaji nan!"